Maki biyar tsakanin takardu biyu: bambancin da malami ke nunawa bai sani ba

Malamin Kimiyya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan wani abu yana cina a rai, na ga gara in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai malamai, akwai ɗalibai, akwai iyaye.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a jami'a. Zangon da ya wuce na ɗauki 'yan aji biyu wani kwas, su 380. Ranar Asabar da dare ina makin jarrabawa, sai na zo kan wata takarda na ji kamar na taɓa karanta amsar tambaya ta uku. Zuciyata ta ba ni satar amsa ce. Na koma cikin tulin da na gama na lalubo ɗayar, na jera su a kan tabarma. Ashe ba sata ba ce. Kowa da kalmominsa, kowa da misalinsa. Amma hujjoji huɗun da nake nema duk su biyun sun kawo su cif. Ta farko na ba ta 14 cikin 20. Ta biyun kuwa jan birona ya riga ya rubuta 9.

Na daɗe ina kallon takardun nan. Ta farko rubutu ne tsaf, Turanci mai daɗin karatu, kuma na san lambar rajistar: wata yarinya ce mai zama layin gaba, mai yawan tambaya. Ta biyun rubutu kamar tafiyar tsutsa, Turancin duk a kakkarye, mai ita ko a hanya muka haɗu ba zan gane shi ba. Alhali a tsarin rabon makin da na rubuta da hannuna babu maki ko ɗaya na kyan rubutu ko kyan Turanci. Da na haɗa masa da makin CA, wato na gwaje-gwajen cikin zango, jimillarsa 37, makin ci a wajenmu 40 ne. Maki biyar ɗin nan su ne tsakaninsa da maimaita kwas.

Wallahi ban yi niyyar zaluntar kowa ba. Ni kaina ɗan makarantar gwamnati ne, na san zafin abin. Wannan na kama ne don Allah ya sa amsoshin sun yi kama. To sauran shekaru goman fa? Nawa ne suka wuce ban gani ba?

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri, ba kowa ne zai fito ya faɗi wannan ba. Amma ana ta kai wa yake ta kaya? Akwai malamin da in ba ka sayi takardar darasinsa ba ka faɗi, akwai mai bin 'ya'yan mutane, akwai mai duba daga ina ka fito kafin ya duba me ka rubuta, kuma duk da saninsu suke yi. Ajin mutum 380 a ɗakin da aka gina don mutum 100. Wannan batu na bambancin da ba a sani ba, a ganina damuwar Turawa ce waɗanda suka gama da manyan matsaloli.

Ɗan Layin Baya:
Baba ka yi haƙuri, ni ba na ganin ƙaramin abu ne. Mai sayar da takarda kowa ya san shi, ana iya kai ƙararsa ko a kauce masa. Wannan kuwa wa za ka kai ƙara? Malamin kirki ne ya yi maka, shi kansa bai san ya yi ba.

Ina aji ɗaya na ɗaga hannu zan ba da amsa, amsar hamsin da biyar ce, da na zo faɗa da Turanci sai harshena ya mayar da "f" ta koma "p" kamar yadda yake yi wa da yawanmu. Aji ya kwashe da dariya. Malamin bai zage ni ba, murmushi kawai ya yi ya nuna wani. Wancan ya maimaita abin da na faɗa da kyakkyawan lafazi, aka ce masa madalla. Tun daga ranar ban ƙara ɗaga hannu ba har na gama digiri. Shekara huɗu. Ina da tabbacin in ka tambayi malamin yau ba zai tuna ba.

Malama Mai Alli:
Sannu ƙanena. Wannan murmushin na san shi, domin ni ma na taɓa kama kaina ina yi.

Baban Sadiƙ, fannina ke nan, ilimin halayyar koyo da koyarwa, bari in ɗan tsawaita. Abin ba na Turawa kaɗai ba ne, haka Allah ya yi ƙwaƙwalwar ɗan Adam: in aiki ya yi mata yawa sai ta nemi gajeriyar hanya. Tun a 1920 wani masani, Edward Thorndike, ya lura cewa hafsoshin soja in sun ga soja mai kyan tsayuwa da tsafta, sai su ba shi babban maki har a basira da riƙon amana, abubuwan da ba su da alaƙa da tsayuwar. Hali ɗaya mai kyau sai ya haskake sauran. Abin da kyan rubutu ya yi wa Malam ke nan ranar Asabar. Kuma ajin mutum 380 da ka ambata, shi ne ma yake ƙara rura abin. Wanda ke da takarda ashirin yana da lokacin karanta kowane layi. Wanda ke da ɗari uku da tamanin, ƙarfe ɗaya na dare, ido ne ke yanke hukunci kafin hankali ya iso.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takarda ɗaya ce, ba a canza ko harafi ba sai suna: wasu suka ga John, wasu suka ga Jennifer. Malaman suka ce John ya fi cancanta, suka yanka masa albashin da ya kai dala 30,238 a shekara, ita kuwa 26,508. Kuma malamai mata ma haka suka yi, ba su bambanta da mazan ba.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Indiya, na Rema Hanna da Leigh Linden. Sun ba malamai takardun jarrabawar yara su yi maki, amma bangon kowace takarda an liƙa masa bayanin yaro ne da ka, ba na ainihin mai ita ba. Takardun da aka liƙa wa asalin da ake rainawa a can sun samu ƙasa da na sauran. Tazarar ba ta da yawa, amma tana nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, malaman da su kansu suka fito daga wannan asalin su ne suka fi rage makin. Don haka Malam, zamanka ɗan makarantar gwamnati bai zama maka garkuwa ba. Wani lokacin wanda ya sha wuya ya fita yakan fi kowa tsananta wa mai kama da shi na jiya.

Malamin Kimiyya:
Inna lillahi. Malama, wannan jimlar ta ƙarshe ta same ni. Nakan ce a raina, ni ma daga can na fito kuma na gyara Turancina, me ya hana shi?

Tsohon Farfesa:
Na karanta duka. Ina da ja, kuma zan faɗa ko da ba za a ji daɗi ba.

Shekara talatin da huɗu na yi a aji. Abin da kuke kira karkata, wani ɓangarensa gogewa ce. Mai sayar da hatsi yana damƙar gero ya san na bana ne ko na bara, ba wanda ya ce masa azzalumi. Ni ma in na ga layi uku na san ɗalibin da ya yi karatu. Sannan da Turanci ake koyarwa a jami'o'inmu, da shi yaron zai rubuta rahoto a wurin aiki. In muka ce kakkaryayyen Turanci ba komai, mun cuce shi, mun kuma cuci digirin. Ina tsoron kada wannan magana ta zama ƙofar sassauci, kowa ya faɗi ya ce malami ne bai so shi ba.

Malama Mai Alli:
Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Ba na musun gogewarku, a hannun irinku muka koya. Kuma na yarda, sau da yawa mai raunin Turanci yakan zama mai raunin fahimta, saboda makarantar da ta kasa koya masa ɗaya ita ce ta kasa koya masa ɗayan. Amma "sau da yawa" daban, "kullum" daban. Matsalar tana faɗawa ne a kan yaron da ya saɓa wa abin da aka saba gani, kamar wannan na Malam, wanda ya kawo hujja huɗu cif.

Mai hatsi kuma, ranka ya daɗe, in ya yi kuskure tuwo zai tona shi. Mu in mun yi kuskure ba abin da ke dawowa ya nuna mana. Yaron ya maimaita kwas, ya karaya, ya ƙara faɗuwa, sai mu ce ai dama mun faɗa.

Batun Turanci ban ce a yafe ba. Cewa na yi a fito da shi fili. In yana da muhimmanci a kwas ɗin, a rubuta: maki uku cikin ashirin na harshe ne, a sanar da ɗalibai tun farkon zango. Yaro ya rasa ukun ya san dalili, ya je ya gyara. Abin da ba daidai ba shi ne a cire masa biyar a ɓoye, a bar shi yana zaton kimiyyar ce bai iya ba.

Tsohon Farfesa:
Wannan na ware makin harshe a fili, na karɓa. Sauran ina nan a kan bakana tukuna.

Maman Khalifa:
Ni dai bari in faɗi nawa. Na shiga aji huɗu da goyo. Ranar da aka raba mu ga masu duba furojet, mu shida muka shiga ofishin malamin. Ya tambayi kowa abin da yake son bincika, ya tsaya ya ja zance da mazan, har yana ba ɗaya shawarar ya fara tunanin digiri na biyu. Da ya zo kaina, ya dubi yaron a bayana ya ce, "Hajiya, ke bari in ba ki mai sauƙi ki samu ki fita." Cikin tausayi ya faɗa, na rantse ba da wulaƙanci ba. Amma ni ce ta biyu a ajinmu a lokacin, bai duba ba, bai tambaya ba. Na karɓi mai sauƙin don kunya ta hana ni magana. Wanda aka ba shawarar nan yanzu yana koyarwa. Ba hassada nake masa ba, ya cancanta. Abin da ke damuna har yau shi ne ba a taɓa tambayata ko ina so ba.

Malama Mai Alli:
Allah sarki 'yar'uwa. Irin wannan ya fi wuyar ganewa, domin da rigar tausayi yake zuwa. Haka ake yi wa ɗalibai makafi da guragu: a ba su makin jinƙai, a hana su tambaya mai wuya. Su kuwa ilimi suka zo nema.

'Yar Jos:
Abin fa kowane ɓangare yake bi. Ni Kirista ce, sunana na Turanci ne, Hausa kuma da ita na tashi. A jami'ar da na yi a Arewa, wasu malaman da sun ga sunana sai su ɗauka na iya, a riƙa nuna ni in yi bayani ko ban shirya ba. Wasu kuma su ɗauke ni baƙuwa, in malami ya juya Hausa don ya fayyace wani abu sai ya dube ni ya ba ni haƙuri. Ƙawata mai niƙabi ta fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, amma sai da muka kai aji uku wani malami ya san muryarta.

Bazazzagi:
Ni a Kudu na yi digiri na biyu. Bayan na gabatar da takardata ta farko, wani malami ya riƙe hannuna yana yabo, ya ce bai taɓa zaton daga Arewa nake ba. Yabo ne a wajensa. Ni kuwa na kwana ina juya maganar. Tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Sai wannan kashi 20 ya zama tambari a goshin duk ɗan Arewa, ko da makinsa na JAMB ya fi na kowa a ajin. Mu ma in za mu faɗi gaskiya muna da namu tambarin da muke manna wa wasu in sun zo mana.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan a jarrabawar bakaloriya ana ɓoye sunan ɗalibi, lamba ce kawai mai gyara yake gani. To me ya hana a yi hakan a kowace jarrabawa? Ko da yake mu ma wanda ya tashi a Yamai ya yi makarantar kuɗi, Faransancinsa kaɗai ya isa ya nuna shi, ko an ɓoye suna.

Malamin Kimiyya:
Mu ma lamba ake rubutawa, ɗan'uwa, ba suna ba. Amma ka ga ni na haddace lambar yarinyar ban ma san na haddace ba. Kuma makin CA da na furojet da na gabatarwa a gaban aji, duk ido da ido ne.

Baban Sadiƙ:
To na ji, na sauko kaɗan. Labarin Maman Khalifa ya taɓa ni, ina da 'ya a aji biyu. Amma mene ne maganin? A tara malamai a otal a yi musu bita, a ci abinci a watse?

Malama Mai Alli:
Baba, a nan kam muna tare. Akwai wani gwaji na kwamfuta da Anthony Greenwald da abokan aikinsa suka fito da shi a 1998, yana auna saurin da mutum ke haɗa wasu fuskoki ko sunaye da kalmomin yabo ko na suka. Ya yi suna ƙwarai, aka gina bitoci a kansa. Daga baya masana suka nuna mutum ɗaya kan iya yin gwajin yau ya samu sakamako, ya sake wani makon ya samu wani daban, kuma bitar yini ɗaya ba ta cika canza abin da mutane ke aikatawa ba. Har gwamnatin Birtaniya ta sanar a ƙarshen 2020 cewa za ta daina irin wannan bita ga ma'aikatanta. Saboda haka ni ban dogara da a ce wa malami ya gyara zuciyarsa ba. Zuciyar Malam ai lafiyarta ƙalau, ga shi ta hana shi barci. Yadda ake aikin ne za a canza.

Abin da nake yi ba ya cin ko kwabo. Ina naɗe bangon takarda baya kafin in fara. Ina makin tambaya ta ɗaya a duk takardun, sannan in dawo ta biyu, don kada kyan amsar farko ya ja sauran. In na gama sai in sake duba goman farko, domin a lokacin hannuna bai daidaita ba. Duk wanda ya tsaya tsakanin 35 da 39 sai na sake karanta shi da safe.

A cikin aji kuma akwai abin da Mary Budd Rowe ta gano tun shekarun 1970: malami in ya yi tambaya, kusan daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya wuce, kuma wanda yake ganin mai rauni ne ya fi saurin yanke masa. Da aka sa malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara. Ku duba ɗalibinmu: ya ji tambaya da Turanci, ya yi tunani da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, sannan ya juyo da amsar. Daƙiƙa ɗaya ina za ta ishe shi? Ni yanzu ƙirgawa nake a zuci har biyar. Da farko shirun yana da nauyi, sai ka ji kamar ka tsoma baki.

Alaramma:
Allah ya yi muku albarka. Wannan da Malama ta faɗa yana da asali a wajenmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Malamai suka haɗa da yunwa mai tsanani da gajiya da duk abin da ke dagula tunani. Ba a ce alƙalin mugu ba ne, an dai san halin da yake ciki zai iya karkatar da shi bai ankara ba. Mai jan biro a hannu alƙali ne. Malam, ƙarfe ɗaya na dare bayan takarda ɗari, ka ajiye ka kwanta.

Dakta Uwar Biyu:
Kada a manta ɗalibai ma suna yi mana. Ni da abokin aikina rana ɗaya muka kare digirin digirgir. Shi "Dakta" suke ce masa, ni "Anti". In ya tsare gida a ce yana da ƙa'ida, in na tsare a ce na cika masifa. An taɓa wani ƙaramin gwaji a wata jami'a a jihar North Carolina ta Amurka: malami namiji da mace suna koyarwa ta intanet, suka yi musayar suna a wasu rukunonin. Ɗalibai suka fi yaba wanda suke zaton namiji ne, ko da macen ce a bayan sunan. Duk sanda aka ce za a auna mu da ra'ayin ɗalibai sai na tuna da wannan.

Ɗan Layin Baya:
Gaskiya ne Dakta. Mu ma mun yi, Allah ya yafe mana. Har a tsakaninmu, in za a haɗa rukunin karatu ba mai son ɗaukar wanda ya shigo ta share fage.

Malamin Kimiyya:
Na dawo da bayani. Ban miƙa sakamakon ba tukuna, don haka na bi shawarar Malama. Na naɗe bango, na rufe makin da na bayar da 'yar takarda, na sake makin tambaya ta uku a takardu sittin, da safe bayan na karya. Goma sha uku sun canza. Tara sun hau, huɗu sun sauka. Huɗun nan da na buɗe bangon, uku na san masu su sarai, har da wakilin ajin. Wannan ya fi mini ciwo a kan taran.

Yaron kuma na sa aka nemo mini shi. Ya shigo ofis yana rawar jiki, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗauka laifi ya yi. Na ce ya zauna a kujera. Na yi masa tambayar nan ta uku, na ce ya amsa da Hausa in ya fi masa sauƙi. Jama'a, ya yi mini bayanin da har da misalin da ban kawo a aji ba, daga aikin rini da mahaifinsa ke yi. Na tambaye shi ina yake zama a aji, ya ce can baya kusa da taga, saboda daga wajen gari yake zuwa, kafin ya iso gaba ta cika. Na ce masa Turancinsa na buƙatar aiki sosai, kuma ya riƙa kawo mini shafi ɗaya duk mako ina duba masa.

Saura takardu 320. Ranar Alhamis ake son sakamakon.

Tsohon Farfesa:
Ka je wajen shugaban sashenku ka nemi ƙarin kwana uku, ka gaya masa dalilin kamar yadda ka gaya mana. Batun Turanci ina nan inda nake, kuma na ji daɗi da ka faɗa wa yaron gaskiya. Amma huɗun nan da suka sauka sun sa ni tunani. Ina da takardun gwajin 'yan digiri na biyu guda ashirin da biyu a kan teburina, duk na san rubutun hannunsu, naɗe bango ba zai yi mini amfani ba. Malama, in na ba wani abokin aiki biyar daga ciki ya yi musu maki bai ga nawa ba, tazarar maki nawa ce za ki ce in sake zama a kansu?